Idan dokin aro ya taka yaro, wa zai biya?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ta yi wa ƙaranci da kuma waɗanda suka ce sun fi gane karatu a kan sauraro. Na ɗan gyara wasu wurare, amma yawanci yadda na faɗa haka aka buga.

Yau tarihi za mu taɓa, amma sai na fara ba ku labarin abin da ya tura ni bin tarihin, don ba haka kawai na tashi ba.

Bara da kaka, bayan an kwashe masara, ni da wasu abokaina a nan Funtua muka fara wani ɗan aikin sa kai. Kafin wani ya zabura, na san abin da “'yan sa kai” ke nufi a yankinmu yanzu, daga Faskari har Sabuwa. Mu ko gora ba mu riƙewa. Zomaye muke ɗauka. Akwai iyalai da 'yan bindiga suka taso daga ƙauyukansu, suna zaune a wani kango a bayan gari da yaransu. Wasu yaran ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ka ga sun kwanta ƙasa. Wata ƙawarmu da ta karanta aikin jinya ta ce ta ga yadda a wasu ƙasashe ake kai dabbobi masu sanyin hali wurin marasa lafiya da yaran da suka shiga firgici, su shafa su, su ba su abinci, hankalinsu ya ɗan kwanta. Muka ce ai wannan ba ya buƙatar kuɗi. Duk Asabar da yamma sai mu je da zomaye huɗu a kwando da ganyen latas.

Wallahi abin ya yi kyau fiye da yadda muka zata. Da muka ga haka sai zumuɗi ya ɗebe mu, muka je muka aro doki wurin wani dattijo da ke hawan Sallah. Tsohon kili ne, mai haƙuri, wanda ya saba da kalangu da taron jama'a. Sati biyu lafiya lau, yara na hawa ɗaya bayan ɗaya ana zagayawa da su. A sati na uku wani babur ya zo wucewa, salansarsa ta yi wata irin ƙara kamar harbi. Yaran nan sun san ƙarar harbi fiye da ni da ku. Suka watse da gudu, dokin ya zabura ya yi gefe, ya taka ƙafar wani yaro ɗan shekara tara. Ƙashi ya karye. Wanda ke riƙe da ragamar shi ne ƙaraminmu, ɗalibi ɗan shekara goma sha tara, wanda ko kuɗin makarantarsa yayansa ke biya.

Muka kai yaron asibiti, aka ɗauki hoton ƙashi, aka rubuta magani. Sai kowa ya fara kallon kowa. Mai doki ya ce shi don Allah ya ba mu aro, kuma gaskiyarsa ce. Mai babur ko ƙurarsa ba mu gani ba. Uban yaron kuwa, mutumin da ya bar gonarsa da rumbunsa ya gudo da rigar jikinsa, ya dube ni ya ce, “Ɗana, tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Alheri kuka zo yi mana. Na yafe.”

Mun yi karo-karo mun biya, ba wannan ce matsalar ba. Abin da ya hana ni barci shi ne yafiyar nan. Na lura cewa da mun yi shiru, da shi ke nan, maganar ta mutu. Wato duk aikin alherin da muke taƙama da shi, idan ya ɓaci, wanda ya fi kowa talauci a wurin shi ke ɗaukar asarar, ya kuma haɗa da yi mana godiya.

Sai na tafi wurin malamin da ya koyar da mu Ishmawi da Iziyya muna yara. Na zauna a zaure na ce, “Allah gafarta Malam, idan dabba ta yi ɓarna, wa shari'a ta ɗora wa?” Ya yi murmushi ya ce ashe boko bai ba ni amsa ba. Ya sa aka miƙo masa Risala.

Ga waɗanda ba su yi zaure ba, Risala littafin fiƙihun Malikiyya ne da Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya ta yau, ya rubuta. Ya rasu a shekarar 996 miladiyya. Shi da Mukhtasar na Khalil da Tuhfa ta Ibn Asim su ne littattafan da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna yanke hukunci da su, kafin Bature da bayan zuwansa. Abin da Malam ya fassara mini ya kasu biyu.

Na farko ɓarnar gona. Abin da dabbobi suka ɓata da dare, masu dabbobin za su biya. Na rana kuwa, asali mai gona ne aka ɗora wa tsaron gonarsa. Tushen wannan yana cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik: taguwar sahabi Bara'u ɗan Azib ta shiga lambun wani ta yi ɓarna, Manzon Allah (SAW) ya raba nauyin haka, rana ta masu lambu, dare na masu dabba. Kafin nan ma Alƙur'ani, a Suratul Anbiya aya ta 78 da 79, ya ba da labarin Annabi Dawud da Annabi Sulaiman suna hukunci a kan gonar da tumaki suka shiga da dare. Malaman tafsiri sun ce Annabi Dawud ya ba mai gona tumakin gaba ɗaya, shi kuwa Annabi Sulaiman ya ga mai gona ya riƙe tumakin yana amfana da nono da gashinsu, mai tumaki ya koma ya gyara gonar har ta dawo yadda take, sannan kowa ya karɓi abinsa. Malaman da suka zo baya sun ƙara sharaɗi a kan hukuncin rana: idan akwai makiyayi tare da dabbobin, ko an sake su a bakin gonaki, to ba za a ce rana ce a tafi ba.

Na biyu shi ne namu. Dabba ba ta da hankali, saboda haka abin da ta yi ita kaɗai, ba da sa hannun kowa ba, ba a bin kowa. Amma da zarar akwai ɗan Adam tare da ita, ko yana bisa kanta, ko yana janta ta gaba, ko yana korarta ta baya, abin da ta taka yana wuyansa. Malam ya rufe littafi ya ce, “Wa ke riƙe da ragama?” Na faɗa masa. Ya ce, “To ka ji.”

Na ce, “Allah gafarta Malam, yaron nan fa ko sisi ba shi da shi. Kuma mu muka ce ya riƙe.” Ya ce ai shari'a ta san da irinsa tun kafin a haifi kakanka, shi ya sa aka yi aƙila.

A nan nake so ku ba ni hankalinku, don wannan ita ce zuciyar shirin. Aƙila su ne dangin mutum ta wajen uba, maza baligai masu hali. Idan mutum ya kashe wani bisa kuskure, diyyar rai raƙuma ɗari ce, ko dinari dubu na zinariya, ko dirhami dubu goma sha biyu na azurfa. Babu talakan da zai iya wannan shi kaɗai. Sai aka raba ta a kan aƙilarsa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, a biya cikin shekara uku. Ba a ɗora wa mata, ba a ɗora wa yara, ba a ɗora wa matalauci. Idan da gangan ya yi, babu ruwan dangi, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Idan ba shi da dangi ko kaɗan, baitulmali ya biya. Larabawa na yin haka tun kafin Musulunci, Musulunci ya tabbatar da shi, har a yarjejeniyar Madina an ambaci kowace ƙabila da yadda za ta haɗu ta biya diyyar mutanenta.

Ku duba abin da tsarin ya yi. Wanda aka ji wa ciwo bai tashi a tutar babu ba don kawai wanda ya ji masa ciwon matalauci ne. Wanda ya yi kuskuren bai tsiyace ba. Su kuma dangi, tun da sun san aljihunsu na cikin maganar, dole su sa ido a kan ɗansu mai sukuwa a cikin lungu.

Sai wani abu ya faru a zamanin Sayyidina Umar wanda ni a ganina matasa ya kamata su fi kowa saninsa. Musulmi sun bazu zuwa Iraƙi da Sham da Masar, mutum na Kufa danginsa na Yaman. Umar ya kafa diwani, wato rajistar da ake rubuta sunayen mayaƙa ana ba su rabonsu daga baitulmali. Daga nan malamai da yawa suka ce waɗanda sunansu ke rajista ɗaya su ne aƙilar juna, ko da ba jini ɗaya ba ne. Hanafawa sun riƙe wannan sosai, kuma a Mukhtasar ɗinmu ma an ce da mutanen diwani ake farawa idan dai ana ba su rabon nasu. Ma'ana, an yarda cewa mutanen da aiki ɗaya ya haɗa, aka rubuta su a littafi ɗaya, suna iya ɗaukar kuskuren junansu.

Amma kada in yi muku daɗin baki. Malam ya ƙara da cewa a Malikiyya aƙila ba ta ɗaukar abin da bai kai sulusin diyya ba, kuma ba ta ɗaukar ɓarnar dukiya. Ƙananan raunuka da gonar da aka cinye daga aljihun mai laifi suke fita. Wato ko da muna zamanin da aƙila ke aiki sosai, karayar ƙafar nan tana iya tsayawa a kan ɗalibinmu shi kaɗai. Na fito daga zauren da rabin amsa.

Ragowar rabin al'ada ce ta riƙa cikewa a garuruwanmu. Ku tambayi kakanninku na ƙauyukan Bakori ko Ɗanja ko Ƙafur. Da an yi shuka mai shela zai zaga ya ce kowa ya ɗaure dabbarsa. Akuyar da aka kama a gona gidan mai unguwa ake kai ta, a turke, sai mai ita ya zo. Idan ɓarnar ta yi yawa, a tura dattawa su je su gani da idonsu su kimanta, dami kaza ko tiya kaza. Idan shanun Fulani ne, a kira ardo, shi ya san garken wane ne ya bi ta burtalin daren jiya, kuma sau da yawa 'yan uwan mai garken kan taimaka masa ya biya don kada zaman ruga ya ɓaci. Abin da ya gagari mai unguwa ya je wurin dagaci, ya wuce wurin hakimi, Sarkin Maska a nan Funtua ko Galadiman Katsina a Malumfashi, ko a gangara gaban alƙali. Ban ce zamanin babu zalunci ba. Akwai mai unguwar da ya fi son tarar da za ta shiga aljihunsa a kan haƙƙin mai gona, akwai jangali da ya sa makiyaya ɓoye shanu. Amma kowa ya san ƙofar da zai buga, kuma kowa na da mutane a bayansa.

To me ya faru da mutanen da ke bayan namu? Funtua kanta ita ce amsar. Garin nan jirgin ƙasa da auduga suka raya shi. A ƙarshen shekarun 1920 aka shimfiɗa layin dogo daga Zariya ya biyo ta nan ya wuce Gusau har Ƙauran Namoda. Kamfanin BCGA na Turawan Ingila ya kafa injin gurzar auduga, sunan da har yau unguwa ke amsawa. Hedikwatar hakimi ta taso daga Maska ta dawo nan. Mutane suka yi ta kwararowa daga Katsina da Kano da Sakkwato da Zazzau da ƙasar Yarbawa da ta Ibo, kowa ya baro danginsa a gida. A 1975 aka fara shirin bunƙasa noma na Funtua da kuɗin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin ukun farko a ƙasar nan tare da na Gusau da na Gombe, aka ƙara faɗaɗa gonaki, taki ya zo, burtali ya fara matsewa. Yau ka ɗauki matasa goma a kowace majalisa a garin nan ka tambaye su ina 'yan uwan kakansu na wajen uba suke, da yawa sai dai su kira sunan wani gari da ba su taɓa kwana a cikinsa ba. Ni kaina haka nake. Idan na yi kuskuren da ya kai diyya, ban san mutum nawa daga cikin “aƙilata” za su ɗaga wayata ba.

Yanzu bari mu tsallaka teku, mu ga inda ƙawarmu ta samo dabarar zomaye, da abin da muka manta ba mu kwafo tare da ita ba.

A 1796 wani ɗan kasuwar shayi mai suna William Tuke da 'yan ɗariƙarsa ta Kwaka suka buɗe gidan kula da masu taɓin hankali a birnin York na Ingila. A lokacin sarƙa da duka su ne magani. Su kuwa suka zuba zomaye da kaji da tsuntsaye a farfajiya, suka bar marasa lafiya suna kula da su. Doki ya shigo maganar da ƙarfi ne bayan wata mata 'yar Denmak, Lis Hartel, wadda shan inna ya kama tana da shekara 23 ya kashe mata ƙafafu daga gwiwa zuwa ƙasa, ta ci lambar azurfa a wasan dawaki na Olamfik a Helsinki a 1952. Sai an ɗora ta a kan dokin, sai an sauke ta. Daga nan aka yi ta buɗe wuraren koya wa masu nakasa hawa, har Ingila ta kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a 1969. A Niyok kuma wani masanin halayyar yara, Boris Levinson, ya lura cewa wani yaro da ya ƙi yi masa magana ya saki jiki da karensa Jingles. Da ya gabatar da wannan a taron masana a 1961, wasu dariya suka yi masa. Amma a 1976 wata nas, Elaine Smith, ta kafa ƙungiyar Therapy Dogs International a Amurka, a 1977 aka kafa wadda yanzu ake kira Pet Partners, a 1983 Ingila ta samu Pets As Therapy. Su karnuka suka fi yawa a wurinsu. Mu nan ka shiga gidan mutane da kare ka ce ka zo kwantar da hankali, ai sai dai hankalin ya ƙara tashi, shi ya sa muka tsaya a zomo.

Duk wannan shi muke gani a bidiyo: tsohuwa a gadon asibiti tana shafa kan kare tana murmushi. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne takardar da ke jakar mai karen. A irin waɗannan ƙungiyoyi ba ka tashi kawai ka ɗauki dabbarka ka tafi asibiti. Sai an gwada ku ku biyu, kai da ita: a yi ƙara kwatsam a ga ko za ta zabura, a turo keken guragu, a taɓa ta ta inda ba ta so. Sai likitan dabbobi ya sa hannu. Sai a rubuta sunanku a rajista, ka riƙa biyan kuɗin shekara. Daga cikin kuɗin nan ƙungiya ke sayen inshora guda ɗaya da ta rufe duk membobinta. Idan dabbarka ta ciji wani ko ta ka da wata tsohuwa a lokacin ziyara, inshorar ke biyan magani da diyya da kuɗin lauya. Amma da sharaɗi: ziyarar ta zama ta sa kai ce ba ta kuɗi ba, igiya na hannunka, kuma ba ka karya dokar ƙungiya ba. Ka saki igiya ka tafi amsa waya, kai ka sani. Yawancin asibitoci da makarantu a can ba za su buɗe maka ƙofa ba sai sun ga wannan takarda.

Ba tausayi ne kaɗai ya kai su ga haka ba, kotu ce ta koya musu. Tsohuwar dokar Ingila ta ce dabbar gida sai an tabbatar mai ita ya san tana da mugun hali kafin a kama shi. Wannan tunani tsoho ne ƙwarai: dokokin Hammurabi na Babila, kusan shekara 1750 kafin Annabi Isa, sun ce san da aka san yana tunkuyi, aka gargaɗi mai shi bai ɗaure shi ba, idan ya kashe mutum sai ya biya rabin mina na azurfa. Malamanmu ma haka suka ce a kan kare mai cizo da aka riga aka yi wa mai shi kashedi. A 1846 wani biri ya ciji wata mata a Ingila, shari'ar da ake kira May da Burdett, kotu ta ce wanda ya ajiye dabbar da ya san tana da haɗari zai biya ko bai yi sakaci ba. Da na karanta wannan sai na tuna gardawan da ke zuwa kasuwanninmu da kura da biri da mesa, yara na binsu a baya, ban taɓa jin wanda ya tambaye su wa zai biya idan takunkumi ya kwance ba. A 1971 Ingila ta tattara dokokin nan wuri guda. Sai a 2003, a shari'ar Mirvahedy da Henley, wasu dawaki uku da wani abu ya firgita da dare suka karya shinge suka hau babban titi, ɗaya ya yi karo da mota ya ji wa direban mummunan rauni. An yarda masu dawakin ba su yi sakaci ba, shingensu lafiya lau. Duk da haka kotun da ta fi kowace girma a ƙasar, alƙalai uku a kan biyu, ta ce su biya, don zabura halin doki ne idan ya tsorata. Bayan hukuncin nan kuɗin inshorar wuraren koyon hawa ya tashi, masu dawaki suka yi ta kuka.

Dokinmu ma zabura ya yi. Bambancin kawai, babu wanda ya kai mu kotu.

Na san abin da wasunku ke cewa tun da na ambaci inshora: haramun ce, ko kuma damfara ce. Duka biyun suna da tarihi. Inshora ta shigo ƙasar nan ne don kare kayan Turawa 'yan kasuwa, kamfanin Royal Exchange ya buɗe reshe a Legas a 1921. Talaka bai haɗu da ita ba sai ta hanyar dokar inshorar mota ta dole, wadda aka yi a 1945 ta fara aiki a 1950. Tun daga nan abin da Bahaushe ya sani game da inshora shi ne wata takarda da ake nuna wa ɗan sanda a shingen hanya. A farkon 2023 kuɗinta na ƙaramar mota ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, abin da za ta iya biya na ɓarnar dukiya ya koma naira miliyan uku. Ku gaya mini tsakani da Allah, direba nawa kuka sani a tashar Funtua da ya buge wani ya je ya nemi kamfanin ya biya? Sulhu ake yi a bakin titi ko a ofishin 'yan sanda, shugabannin tasha su shiga tsakani, a taɓa asusun ƙungiya. Ku lura da wannan na ƙarshe. Kuɗin tikitin da direba ko ɗan acaɓa ke biya kullum, wanda wani lokaci ake cira a ciki a taimaki memban da ya yi hatsari, shi ne abin da ya fi kama da diwanin Umar a garin nan, ko da yake ba kullum ake sanin inda kuɗin ke shiga ba.

Ta ɓangaren addini, malamai sun yi magana a kan garari da riba da kamannin caca da ke cikin inshorar kasuwa. A 1985 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta ce irin wannan ba ta halatta ba, amma ta taimakekeniya, wadda aka gina a kan kyauta da haɗin kai, ta halatta. Kafin nan Sudan ta riga ta buɗe kamfanin inshorar Musulunci na farko a 1979, Maleshiya ta yi dokar takaful a 1984. Kuma hujjar da masu takaful suka fi kawowa ita ce aƙilar nan da Malam ya karanta mini a zaure. A takaful kuɗin da ka zuba gudummawa ce ga asusun membobi, kamfani wakili ne mai kula da shi ana biyansa ladan aiki, idan shekara ta ƙare da rara ana iya mayar wa waɗanda ba su karɓi komai ba. A Najeriya hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, a 2016 ta ba Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi.

Na ɗauki wannan ilimi nawa sabo fil na kira wani wakilin inshora da aka ba ni lambarsa. Na yi masa bayanin zomaye da doki da yara. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko ƙungiyarmu na da rajista da gwamnati. Babu. Ko akwai takardar likitan dabbobi. Babu. Ko muna da rubutattun dokoki, da sunayen membobi, da izinin iyayen yara a rubuce. Babu, babu, babu. Ya ce in haɗa waɗannan in dawo, sannan a ga ko za a iya tsara mana wani abu, don ba su da irinsa a ajiye. Na ji haushi a ranar. Daga baya na ga ai duk abin da ya lissafa, da muna da shi tun farko, da ba a bar ɗan shekara goma sha tara shi kaɗai da ragama a tsakiyar yara masu tsoron ƙara ba, da kuma ba a yi hawan a bakin hanyar da babura ke bi ba.

Ga inda muke yanzu. Mun sayi littafi mai bango mai tauri, mun rubuta sunayenmu, mu goma sha huɗu. Kowa na zuba naira ɗari biyar duk wata, kuɗin na hannun mutum biyu, ba ni a ciki. Mun rubuta cewa duk wanda ya ji ciwo a wurin aikinmu, yaro ko babba, daga asusun za a yi masa magani, ko iyayensa sun ce sun yafe ko ba su ce ba, kuma ba za a tambayi wanda ke riƙe da dabbar ko kwabo fiye da na kowa ba, sai in ya karya dokar da muka sa wa hannu. Na kai wa Malam ya duba. Ya gyara wuri biyu, ya ce mu rubuta ƙarara cewa kuɗin kyauta ne ba ajiya ba, don kada wanda ya fita ya dawo yana neman nasa. Na san asusun nan ba zai iya ɗaukar babban abu ba. Karaya ɗaya za ta iya share shi, balle Allah ya kiyaye a ce rai ne. Shi ya sa muka fara neman rajista, kuma muna magana da wasu ƙungiyoyin matasa biyu a Malumfashi da Bakori ko za mu haɗa asusu, don mu je wa masu takaful da yawanmu.

Zomaye sun koma aiki tun watan jiya, yanzu su bakwai ne, kun san halin zomo. Doki kuwa bai koma ba. Mun yi muhawara a kansa har dare, aka ƙaɗa ƙuri'a, masu cewa a dakata suka yi rinjaye da mutum biyu, ni ma da su na tsaya. Yaron ya warke, yana ɗan ɗingishi idan ya yi gudu, likita ya ce a dawo da shi bayan wata uku a sake dubawa. Asabar ɗin da ta wuce ya ja ni gefe ya ce, “Yaya, yaushe za a kawo kili? Ni fa ba a gama zagayawa da ni ba.” Na ce masa sai mun gama takardu. Ya tambaye ni ko doki ma yana da takarda.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.